Jaki Mai Malafa

"Ba zan tafi ranar Litinin ba," na ce wa Mama. "Ki mayar da akwatin nan inda kika ɗauko shi."

"Nerina, tashi ki zuba kayanki. Mutanen birnin Milan ba dangin ubanki ba ne da za su zauna zaman jiranki."

"To, su nemi wata."

Ta buga murfin akwatin, ta shige kicin tana ba tukwane labarin halina.

Na gama karatun zane a birnin Catania, wani kamfani mai tsara kwalayen kaya kuma ya ɗauke ni aiki. Na riga na roƙa sun ɗaga mini ranar farawa, sun ce daga wannan babu ƙari. Amma likita ya ce Goggo Venera ba za ta ga ƙarshen kakar lemu ba, ni kuwa na yi mata alkawarin nemo mata wata takarda.

Maƙwabciyarmu ce, ƙofa na kallon ƙofa, ba miji ba ɗa. Tun tana budurwa take naɗe lemu a wani sito kusa da tashar jirgin ƙasa, nan garinmu Lentini, lokacin da kowane lemu sai an sa masa rigarsa ta takarda mai hoto kafin ya bar gari. Da aka rufe siton sai ta shiga tara takardun. Ta goge su da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi, ta jera a bango har rufi: giwa riƙe da reshe, ɗan dambe, jirgin ruwa, budurwa da kwando a ka, dutsen Etna yana hayaƙi. Jar tawadar kan tsallake layi kaɗan ta shiga cikin shuɗiyar, ruwan zinariyar ya dusashe ya koma kalar zuma. A ɗakin nan na fara sanin cewa zane aiki ne da mutum zai iya yi.

Guda ɗaya ce babu a bangon, wato ta siton da ta yi wa aiki, mai hoton jaki sanye da malafa.

"Goggo, ta yaya takarda za ta bi ta hannunki shekara da shekaru, ki rasa ko ɗaya?"

"Ke ma dai. Takarda mai laushi haka, a zamanin da babu ta bayan gida? Duk garin nan babu wanda jakin nan bai yi wa hidima ba, har da fadan coci."

Ta yi dariya har tari ya kama ta. Da ya lafa ta ce, "Ina so in sake ganin fuskarsa, Nerina. Kamar mai siton sak, har kunnuwan."

Litinin ta zo ta wuce. Mama ta daina yi mini magana sai ta bakin kyanwa: "Gaya wa mai digiri abinci ya sauka." Matan layinmu suka ce karatu ya taɓa ni. Na riƙa wucewa ta gabansu kaina a sama, da jan baki. Da safe in wanke Goggo, in dafa mata romo, ranar Lahadi kuma in hau mota zuwa kasuwar tsofaffin kaya ta Catania neman takardar jakin.

Babu mai sayar da takarda da ban zazzage wa kwali ba. Na samo gwangwanin biskit mai hoton jirgin sama, da kwalayen ashana, da takardun lemu na garuruwan Paternò da Palermo. In na baje su a kan gadon Goggo sai ta sa tabarau ta duba, ta ce, "Kyakkyawa ce. Amma ba shi ba ne." Kowane mako hannunta yana ƙara sirancewa.

Wata Lahadi ƙafafuna suka gaji, na zauna a kujerar Baba Cirino, mai sayar da kwanuka da fitilu.

"'Yar jaki ta iso," ya ce. "Kujerar nan ta sayarwa ce, ba ta hutawa ba."

"Wa zai sayi kujera mai ƙafa uku da rabi, Baba?"

"Mai digiri irinki."

Yana magana yana kwance wani kwali da aka kwaso daga gidan wata mamaciya. 'Yan mutum-mutumin yumɓu ne, irin waɗanda ake jerawa lokacin Kirsimeti, makiyaya da tumaki. Yana zare kowanne daga cikin takardarsa, yana jefar da ita ƙasa. Wata ta faɗo kan takalmina, na hangi bakin malafa.

Duk makonnin nan wurin masu takarda nake nema, alhali kakanninmu ba su taɓa ɗaukar ta abin ajiya ba. Abin naɗe kayan da ke fashewa ce.

Na durƙusa a kan titi da sabon siket ɗina ina tsince su, duk masu hoton jakin ne.

"Tumakin fa?" in ji Baba Cirino. "Tsirara za ki bar mini su?"

"Haɗa mini har tumakin."

Na tarar da Mama a ɗakin Goggo tana gyara mata matashi. Na buɗe ɗaya daga cikin takardun a kan bargo. Ga shi nan, ruwan toka a kan rawaya, malafar ta karkace, furen lemu a baki, haƙora duk a waje.

Goggo ta daɗe tana kallonsa.

"Ka tsufa, maigida," ta ce. "Duk ka yamutse."

"Bari in kunna dutsen guga," na ce.

"Kar ki taɓa shi. Carmela, miƙo mini lemu," ta ce wa Mama.

Mama ta ɗauko ɗaya a kwano. Hannun Goggo da ya kasa riƙe cokali ya ɗora lemun a tsakiyar takardar, ya juya, ya murɗe gefe biyu. Kafin in ƙifta ido jakin ya zauna daidai a kan cikin lemun, kunnuwan takarda biyu a tsaye.

Mama ce ta fara fashewa da dariya. "Wallahi shi ne. Haka yake tsayawa a ƙofar sito yana duba agogo."

"Ku gwada, mu gani," in ji Goggo.

Muka gwada da sauran takardun. Nawa ya fito da jakin a ƙasa, na Mama ya yage. Goggo ta ce da a sito ne, da an kore mu kafin abincin rana. Maƙwabta suka ji hayaniya suka shigo, kowacce da labarin mai siton, aka ɓare lemu, ɗakin ya cika da ƙamshi.

Ranar Alhamis da hantsi ta rasu, taga a buɗe, mai kifi yana talla a layi. Ina riƙe da hannunta.

Aikin Milan an ba wata 'yar ajinmu. Na sake nema, ba su amsa ba. Yanzu a wani ɗan shago nake bayan coci, ina buga katin biki da sanarwar rasuwa, kuma wataƙila nan zan tsufa. Lemun yana kan tagar ɗakina. Ya bushe ya ƙanƙance, takardar ta yi masa yawa.