Inda Layuka Uku Suka Haɗu

Rijiyar burtsatse ɗaya za a haƙa wa ƙauyuka uku: Tilwa, Fandu da Kokorbe. Dattawa sun yi alkawari a wurin da babu wanda zai fi wani tafiya za a haƙa ta. Neman wurin kuwa aka ɗora wa Nyandu, magini daga Fandu, wanda igiyarsa ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Ranar kasuwa ya kafa turaku uku a ƙasa, kowane a madadin ƙauye, daidai da yadda ƙauyukan suke zaune. Ya ja igiya tsakanin biyu, ya ninka ta, ya sami tsakiya, ya tsaga layi a miƙe da ya gitta igiyar ta nan. Haka ya yi sau uku.

"Duk wanda ya tsaya kan layin nan, nisansa da ƙauyukan biyu ɗaya ne," in ji shi. "Kuma dole layukan uku su haɗu wuri guda."

"Dole? Kai ka haife su?" in ji taubashinsa Tinni.

"Matsa da ƙafarka mai kaushi ka gani."

Layukan suka haɗu kuwa, amma can waje, gindin tiren mai ƙosai. Ƙauyukan kusan a jere suke, Fandu a tsakiya, rabin awa zuwa kowanne. A zahiri ke nan mahaɗar ta faɗa cikin dajin kudu, tafiyar awa biyu ga kowa.

Nyandu ya daɗe yana kallonta. Lissafi bai yi ƙarya ba. In ya yi shiru, an cika alkawari, mata sun wahala. In ya ce Fandu, za a ce magini ya ja igiya zuwa ƙofar gidansa.

Ya miƙe. "Ga adalcin da kuka nema. Kowa zai sha wuya daidai da ɗan'uwansa. Ni dai Fandu na ce."

"Ai na faɗa!" Tinni ya tafa hannu. "Ɓarawon igiya!"

Gambina, tsohuwa daga Tilwa, ta sauke tulunta kan mahaɗar. "Kai Tinni, yaushe rabonka da ɗaukar ruwa? Rabin awa na sani, awa biyu kuma kai za ka yi ta. Amma Nyandu, ba a banza za ku sha kusa ba."

"Faɗi, Inna."

"Duk ranar da famfo ya lalace, 'yan Fandu ke gyarawa."

"Da hannuna," in ji Nyandu.

Ya tumɓuke turken Tilwa da na Kokorbe, ya miƙa wa Tinni. "Riƙe, ka yi wani amfani yau."