Sarauniyar Koren Gida

"Baba Kefas, don girman Allah ka yi mata haƙuri haka nan. Ko me ta yi, ai yarinya ce."

Maman Christabel ce, mai tuyar ƙosai a bakin hanyar Bomo, ta sha gabana da cokalin tuya a hannu. Can gaba kaɗan jikata Diana ta rungume falwayar wuta tana haki, gumi ya jiƙe mata riga sharkaf, alhali ko rana ba ta gama fitowa ba.

Na ce, "Ba laifi ta yi ba. Motsa jiki muke yi."

"Motsa jiki, yarinya ko karyawa ba ta yi ba? Kai dai faɗi gaskiya, me ta fasa?"

Kafin in buɗe baki ta naɗe ƙosai uku a takarda, ta wuce ni ta danƙa wa yarinyar. Ita kuwa 'yar lukutar tawa ta dube ni, ta dubi ƙosai, ta zaɓi wanda ya fi ni daɗi.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da wasannin motsa jiki a firamare kafin in yi ritaya. Ban taɓa zaton zan ga ranar da a Samaru in an ga yaro yana gudu, sai a ce ko kare ne ya biyo shi ko horo ake yi masa ba. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Na ciro alli daga aljihu na yi zane a jikin falwayar. Ta biyu ce daga inda muka fara, kuma iyakar ƙarfin Diana ke nan a ranar.

* * *

Abin ya faro ne daga wuya. Uwarta Lucia, 'yata ta fari, ta lura bayan wuyan yarinyar ya yi baƙi ƙirin. Wata biyu tana dirzar wurin da soso da sabulun salo, tana faɗan ƙazanta, har fatar ta saɓule. Da muka je asibiti likita ya duba, ya ɗora ta a sikeli, ya sa aka ɗebi jini. Ya ce wannan ba dauɗa ba ce, jiki ne ke nuna sukari na neman hawa. Shekara goma, kilo hamsin da takwas. Ya ce a rage lemon kwalba da soye-soye, sannan kullum ta yi wasan da zai sa ta gumi na awa guda. In ba haka ba, kafin ta gama sakandare za a fara maganar ƙwayoyi da allura.

Awa guda. A ina?

Bas ɗin makaranta yana ɗaukarta a ƙofar gida ƙarfe shida da rabi. Makarantar, wata ta kuɗi ce a Palladan, da can tana da fili, amma an gina bene a rabinsa, sauran rabin kuma motocin iyaye ke tsayawa a kai. In an tashi sai a zarce da lesin har biyar. Ta dawo gida a kulle get, don Lucia tana tsoron masu satar yara, kuma ban ga laifinta a nan ba. Filin da ke bayan gidanmu, inda yaran unguwa ke buga ƙwallo, an yanka shi an gina ɗakunan haya na ɗalibai. Sai yarinya ta miƙe a kujera da waya, kwanon cincin a kan ciki. Ubanta Julius yana aiki a Abuja, in ya zo ƙarshen wata tsarabarsa alewa da biskit ce, kwali guda.

Lucia a banki take aiki a Sabon Gari, mai ilimi ce, ta ji likita da kunnenta. Amma a hanyar dawowa abin da ta ce shi ne, "Likitocin nan akwai tsorata mutane. Baba, ka manta Tsinke ake kirana a makaranta? Ni 'yata ba wanda zai kalle ta ya ce ba ta ƙoshi."

Ban manta ba. Albashin malami ne ya raine ta, na san abin da ke yi mata ciwo. Shi ya sa ban ja maganar ba, na koma kan yarinyar.

Lallashi bai yi aiki ba, faɗa ma haka. Abin da ya tashe ta daga kujera ƙawarta ce Toluwani. A makarantar ana gasar wasanni sau ɗaya a shekara, wadda suke kira intahaus, inda ake raba yara gida huɗu da launin riga. Koren gida suna neman yarinya ta huɗu a tseren miƙa sanda, Toluwani ta ce ita da Diana take so ta yi.

"Kaka, za ka iya sa in yi gudu ba a yi min dariya ba?"

"Ke da za ki aure ni, in bari a yi miki dariya?"

"Allah ya kiyaye in auri tsoho mai sanƙo." Sannan ta ce, "In suka bar ni na yi, zan ci gaba ko bayan an gama. In kuwa suka hana ni, kada ka sake tashina da safe."

Na amsa da sauri, don ban ga abin da zai sa a hana yaro gudu a ranar gudu ba. Na saya mata farin kambas a kasuwar Samaru. Kullum da asuba muna hanyar Bomo. Falwaya biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama shida. Ta yi kuka, ta yi amai sau ɗaya, ta ce ta tsane ni sau ba adadi. A mako na goma na yi zanen alli a falwaya ta tara, ta tsaya tana dariya, ba ta ko dafa komai ba. Siket ɗin makaranta ya fara juyawa a ƙugunta. Ni kaina tun rasuwar matata ban ji daɗin duniya irin na waɗannan safiyoyi ba.

* * *

Saura kwana tara a yi gasa, Lucia ta shigo gida da leda tana murna.

"Baba, an zaɓi Diana sarauniyar koren gida!"

Ta zazzage koren leshi da kambun roba mai ƙyalli a kan tebur. Na san wannan al'ada. Kowane gida kan naɗa sarki da sarauniya, a yi musu ado, a zagaya da su, sannan a zaunar da su a rumfa tun safe har a tashi.

"To gudun fa?"

"Wane gudu kuma? Sarauniya guda?"

Washegari na saka tsohuwar rigata ta wasanni na hau keke napep zuwa Palladan. Shugabar makarantar, Madam Adunni, haifaffiyar Sabon Gari ce, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Ta tarbe ni da lemo mai sanyi, ta saurare ni har ƙarshe.

"Baba, ai girmama ta muka yi. Sarauniya sai yarinya mai cika ido, wadda in ta zauna a kujera za a san an zauna. Duk shekara haka muke zaɓa."

"Wato duk shekara yaron da ya fi kowa bukatar gudu shi kuke zaunarwa."

Ta yi murmushin da ake yi wa tsofaffi. "Ka gane, ranar iyaye za su zo, kowa da wayarsa. In ta faɗi fa? In ta zo ta ƙarshe aka ɗauka aka watsa? Mu muna kare ta ne. Kuma mahaifiyarta ta riga ta amince."

"Ku zo ku ga yadda take gudu. Minti biyu kawai, a nan harabar."

Muka leƙa ta taga tare. Motoci ne jere har bakin get, ko akuya ba za ta sami wurin juyawa ba. Na ajiye mata lemonta ban buɗe ba, na fito.

A gida na yi wa Lucia faɗan da ban yi mata ba tun tana budurwa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce a hankali, "Baba, ni ko sau ɗaya ba a taɓa zaɓata komai ba. Kullum ina bayan layi da tsohuwar riga. Yau an ɗaga 'yata sama da kowa, kai kana so ta je ta yi ta tiƙar ƙura a gaban mutane."

"Ita kin tambaye ta abin da take so?"

"Yarinya ce, me ta sani?"

Diana tana tsaye a bakin labule, tela ya gama auna ta, tana jinmu.

* * *

Ranar gasa an yi hayar wani fili a Jushi, an kakkafa rumfuna, ana ta kiɗa. Awa biyu da rabi aka kwashe ana fareti da jawabai da yayyafa wa sarakuna kuɗi. Diana ta shigo a bayan buɗaɗɗiyar mota, an yi mata jan baki, koren leshi har ƙasa, yara biyu suna yi mata fifita. Mutane suka yi ta tafi. Wata mata kusa da ni ta ce, "Kai, wannan 'yar ta ji gida. Ga jiki tubarkalla." Na cije leɓe na kau da kai.

Aka zaunar da ita a wata babbar kujera, aka jere mata kek da lemo a gabanta. Sai wajen azahar, rana ta take, aka tuna cewa an zo wasa ne.

Da aka kira tseren miƙa sanda na mata, na matso kusa da rumfar. Toluwani ta fito da wasu yara uku, ta juyo ta ɗaga wa Diana hannu. Diana ta miƙe tsaye. Ta tattare leshin da hannu biyu, sai na ga abin da ke ƙafarta. Ba takalmin ƙyallin da uwarta ta saya ba ne. Farin kambas ɗinmu ne, an ɗaure igiyarsa tamau, ɗauri biyu, yadda na koya mata.

Na ce a raina, je ki, 'yar nan, je ki kawai.

Taku ɗaya ta yi. Malamar koren gida ta dafa kafaɗunta ta mayar da ita kujera, tana gyara mata kambu. "Zauna mana, sarauniya ba ta tashi. Za ki ɓata kwalliya." Lucia kuma ta durƙuso da waya. "Diana, kalle ni nan. Yi murmushi."

Na ɗaga murya na kira sunanta, amma kiɗa ya danne. Aka busa usur, yara suka zuba a guje. Koren gida suka zo na ƙarshe, da tazara mai yawa, kuma babu wanda ya yi wa kowa dariya. Yarinyar da ta riƙe sandar ƙarshe ta faɗi a kan layi, ta tashi tana kakkaɓe gwiwa, ƙawayenta suka rungume ta suna tsalle. Diana tana kallonsu. Daga baya ta sa hannu ta ɗauki kek.

An ba koren gida kofin wanda ya fi kowa iya ado.

* * *

Ranar Litinin da asuba na ƙwanƙwasa ƙofarta kamar kullum.

"Diana, tashi, gari ya waye."

Na jira kaɗan. Na sake.

"Kaka, ai mun yi magana," ta ce daga ciki, muryarta sarai, ba ta mai barci ba. "Kuma an ce haka na fi kyau."

Na daɗe a tsaye. A falo an riga an rataye hotonta na sarauta a bango, babba, cikin gilashi. Mai hoton ya yanke shi daga gwiwa, ƙafafun ba su fito ba.

Na fita ni kaɗai. Na bi hanyar Bomo ina wuce falwayoyi, kowace da zanen allina, har na kai ta tara. Ban san abin da zan yi a wurin ba, sai na juyo.

Maman Christabel tana hango ni ta washe baki.

"Yau kai kaɗai? Ashe dai ka yafe mata. Allah ya saka maka, Baba, wallahi tausayi take ba ni."

Ta naɗe ƙosai biyar, ta ƙara ɗaya gyara, ta cusa min a hannu ta ce in kai wa yarinya. Na karɓa. Na kamo hanyar gida a hankali, mai yana ratsa takardar yana bin yatsuna.