Injin Numfashin Dokta Gershon

Ana ɗauke wuta, Mama Milka ta saki muciya a cikin tukunyar tuwo ta yi waje da takalmi ƙafa ɗaya. Ba da ido ta ga ɗaukewar wutar ba, don rana ce tsaka. Da kunne ta ji. Bango ɗaya ne tsakanin kicin ɗinta da ɗakin maƙwabcinta, Dokta Gershon, tsohon likitan dabbobin nan na Kafanchan. Tun da aka dawo da shi daga asibiti a Jos aka ce huhunsa ya gaji, injin da ke ba shi iskar oksijin yake gurnani a jikin bangon nan kamar kyanwa mai barci. In gurnanin ya tsaya, ita ce mai gudu.

Ta same shi a kujerarsa ta katako, siririyar roba a hanci, kafaɗunsa na hawa suna sauka. Ta kwance ƙaramar sufana daga bakin zaninta, ta murɗa kan silindar da ke tsaye bayan ƙofa, ta zare robar daga inji ta maƙala a can. Iska ta ce shuuu.

"Yau kin makara," in ji shi, bayan ya dawo daidai. "Da akuya ce, da tuni ana feɗe ta."

"Ai kai ba akuya ba ne, Dokta. Jaki ne kai, taurin kai ya hana ka tafiya."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ta riƙe masa kofin ruwa har ya lafa.

To, bari in gaya muku yadda silindar nan ta zo bayan ƙofa. Ba tasa ba ce, ta asibitin dabbobinsa ce da ke hanyar kasuwa, wanda ya bar wa 'yar ƙanwarsa, Dokta Faustina. In za a yi wa kare ko kyanwa tiyata, sai an sa masa oksijin yana barci, in ba haka ba numfashi ya ɗauke a kan tebur. Tun yana da lafiya suke gardama a kan wannan. Faustina ta ce a sayi inji, don inji daga iskar ɗaki yake tacewa, ba ya ƙarewa. Ita silinda kuwa in ta ƙare sai an loda ta a mota har Jos, don shi Dokta ya rantse ba za a cika masa a wajen masu walda ba. Shi kuma ya kafe cewa ƙarfe ba ya jiran a kawo wuta. Suna nan suna ja, sai ciwo ya kayar da shi. Ɗansa Andrawus ya aiko masa da inji daga Abuja, Faustina ta ɗauko silindar asibitin guda ɗaya tilo ta ajiye masa saboda ɗauke wuta. Shi ke nan, gida ya samu biyu, asibiti ya tashi babu ko ɗaya.

Da yamma Faustina ta shigo, ta durƙusa ta gaishe shi, ta duba agogon silinda mai nuna iskar da ta rage, kamar yadda ta saba. An riga an kawo wuta, inji ya ci gaba da gurnaninsa.

"Yaya aiki?" ya tambaye ta.

"Lafiya lau, Kawu."

"Karyar Malam Ezekiyel fa? Na ji ɗa ya maƙale mata."

Faustina ta kalli Mama Milka. Mama Milka ta kalli rufin ɗaki, don ita ta kai labarin.

"Na ce su tafi Jos," in ji Faustina a hankali. "Ba su kai ba. A hanya ta mutu."

Dokta ya juya ya kalli inji. Can ya ɗaga yatsa.

"Na gama gwaji. A jikina na gwada, ba a jikin kare ba. Ke kina da gaskiya, inji ya fi don aikin kullum. Ni ma ina da gaskiya, in ba silinda a bayan ƙofa, inji kabari ne. Biyun za ki ajiye. Kada ki yarda wani ɗan kasuwa ya ce miki ɗaya ya isa." Ya tsaya ya ja numfashi. "Yau za a kai injin nan asibiti."

"Wane inji?"

"Kina ganin wani a ɗakin nan?"

"Kawu, Allah ya kiyaye! Da hannuna in cire maka numfashi?"

"Silinda na nan."

"Za ta ƙare!"

"Ni zan riga ta."

Mama Milka ta tafa hannu. "Yesu! Ka ji bakin mutum. Dokta, ka bari mana, in lokaci ya yi ai injin ba zai gudu ba."

"Milka, ke ce za ki faɗi haka? Da mijinki Asher ya rasu, yaushe kika sake ganin kekensa?"

Kun san yadda ake yi a wajenmu: in namiji ya rasu, dangi su zo daga ƙauye su sa kwaɗo a ɗakinsa, ba mai taɓa ko allura sai ranar da aka zauna rabon kaya. Keken mijinta sai da damina ta wuce a kansa yana kulle, aka fito da shi tayoyi sun ruɓe. Dokta kuwa yana da wa a Manchok, Baba Zamani, mutumin da ba ya wasa da al'ada.

"Silinda an rubuta sunan asibiti a jikinta da fenti, Zamani ba zai riƙe ta ba," in ji Dokta. "Amma inji nawa ne. In na mutu yana ɗakin nan, ya zama kayan gado. Zai kwana da ɓeraye, karnuka suna mutuwa a hanyar Jos. Dole ya fita ƙofar nan ina da rai, da rana, kowa na gani."

Faustina ta kira Andrawus a waya tana kuka. Muryarsa ta cika ɗakin: "Baba, don kai na saya, ba don karnuka ba!"

"Ka ba ni ko ka ara mini?"

"Na ba ka."

"To na gode, ɗana. Na yi kyauta da shi."

An daɗe ana ja kafin Faustina ta sauko, ita ma da nata sharaɗin: gobe da sassafe za ta tafi Jos ta aro silinda ta biyu cike, a ajiye kusa da ta farko. Ya ce wannan ɓata mai ne, amma ya yarda. Sai ya juyo wajen Mama Milka.

"Ke za ki ɗauka. A ka. Ke ce shugabar zumuntar mata, in kin ce kin gani, ba mai ƙaryata ki."

Ta zage shi da yarensu, zagin da ba zan maimaita ba. Sannan ta mayar da robarsa kan silinda, ta kashe injin da hannunta, ta naɗa gammo. Faustina ta ɗora mata. Haka ta bi layi da shi, waya na reto a bayanta, ta wuce masu shanya citta, ta wuce 'yan acaɓa a bakin hanya. Duk wanda ya tambaya, sai ta ɗaga murya: "Dokta Gershon ne ya ba asibiti! Da ransa, da bakinsa!" Hawaye na zuba, amma wuyanta bai karkace ba.

Daga ranar bango ya yi shiru. Tun da ba abin da za ta saurara daga kicin, sai ta kwaso kujerarta da tiren gyaɗa ta dawo bakin ƙofarsa, tana ɓara suna hira. Kullum Faustina ta zo, tambayarsa ɗaya ce: wa aka yi wa aiki yau? Ranar da ta ce an ciro wa wata karya 'ya'ya, uwa da 'ya'ya duk suna numfashi, sai ya lumshe ido ya ce, "Da wuta ko babu?" Ta ce da wuta. Ya ce, "Kin ci sa'a. Kada ki saba."

Wata safiyar Talata, Mama Milka tana ba shi labarin rigimar da aka yi tsakanin mawaƙan coci, ta ji bai tsoma baki ba. Ta ɗago kai. Kafaɗunsa sun daina hawa da sauka. Iska kawai ke fita ta robar, shuuu, ba mai ja. Ta yi masa addu'a, ta rufe masa ido, ta kwance sufana ta murɗe kan silindar. Ta biyun ce, allurar agogonta ko kusa da ja ba ta kai ba.

Baba Zamani ya iso daga Manchok da kwaɗonsa a aljihu. Ya karanta fentin jikin silinda, aka ce masa ta biyun aro ce, ya ce a fitar da su. Ya dudduba ɗaki.

"An ce akwai inji."

"Ya bayar," in ji Mama Milka. "Ni na ɗauka a kaina. Ka tambayi layin nan gaba ɗaya."

Ya kalle ta, ya kalli matan da ke zaune a tsakar gida suna gyaɗa kai. Ya sa wa ɗakin kwaɗo.

Bayan an yi jana'iza baƙi sun watse, tana wanki ta ji wani abu mai tauri a bakin zani. Sufana ce. Ta sa takalmi ta nufi hanyar kasuwa.

Tun daga baranda ta ji gurnanin. Ta leƙa ta taga. Faustina ta sunkuya a kan tebur da safar hannu, wani jan kare na kwance da roba a baki. Silinda na tsaye bayan ƙofa. Mama Milka ta shiga a hankali, ta rataye sufanar a wuyan silinda, ta fito ta zauna a benci ta jingina kanta da bango. Ta taga tana hango haƙarƙarin karen, yana hawa, yana sauka.