Gadon Direba a Bakin Kwata

A layinmu kowa ya san tagar Direba. Ita ce mai koren labule, dab da ƙasa, tana kallon kwatar da ta ratsa layin daga kai har gindi. A bayan tagar nan yake kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan tankar mai. Bakinsa dai bai mutu ba. Matarsa, wadda yaro da babba ke kira Gwaggo, ita ke juya shi, ita ke masa wanka, amma ɗaga shi daga gado ya fi ƙarfinta. Abin da ya hana ta sukuni ke nan: in wuta ta tashi kowa zai ruga da ƙafarsa, ban da shi.

Wuta kuwa kullum ana hura ta a kan layin. Aikin Mai Waya ne, wani mai sayen tsofaffin wayoyin lantarki. Maimakon ya zauna ya feɗe robar da wuƙa, sai ya tara su a bakin kwata, ya yayyafa baƙin mai, ya ƙyasta ashana. Roba ta narke, jan ƙarfe ya fito, ya kwashe abinsa. Bakin kwatar ya zaɓa don iska na zuƙowa ta nan, wuta ba ta yi masa gardama. In ya gama sai ya sa ƙafa ya ture tokar ciki, ya ce ai kwata gidan ruwa ce.

Wane ruwa? Rabonta da ruwa tun damina. An rufe ta da murafen siminti, matan layi kuma duk mai shara sai ta zura ta tsakanin murafen, ta karkaɗe tsintsiya ta shige gida. Leda, tsumma, ƙyallayen Tela, garin katakon Kafinta, duk suna ciki sun bushe ƙayau.

Gwaggo ta yi masa magana da lalama, ta yi da faɗa. Ya yi dariya ya ce, "Haba Gwaggo, hayaƙin nan maganin sauro ne, kyauta nake muku." Ta ce sauron da ya kora duk a ƙirjin mijinta suka koma, tari ya hana shi sakat. Ta kai ƙara ofishin masu kula da tsafta, suka zo da rana tsaka suka tarar da toka ta huce, suka ce ba su ga wuta ba. Tela ya ce a yi haƙuri, abinci yake nema. Gwaggo ta tambaye shi ko abincin da naman mijinta za a dafa shi. Tun ranar Tela ke sunkuyar da kai kan kekensa in ta zo wucewa.

Wata rana da hantsi tana wanki a tsakar gida, ta ji Direba na kiranta da muryar da ba ta taɓa jin ya yi ba. Ta shiga ta tarar da wuta ta leƙo ta tsakanin murafen da ke ƙarƙashin taga, ta kama gindin labule tana hawa. Shi kuwa yana kwance yana kallonta, hannunsa mai lafiya na lalubar bango. Gwaggo ta fizge labulen da hannu biyu ta wurga waje. Ta kama shi ta hammata ta ja, ko motsi bai yi ba. Nan ta kwarma ihu.

Kafinta da Tela ne suka fito da shi da katifarsa. Jama'a suka taru, mai bokiti da bokiti, mai yashi da yashi. Can sai ga Mai Waya, yana rantsuwa cewa tasa wutar ta mutu tun safe, kuma tsakaninsa da tagar nan gidaje ne birjik. Gwaggo ta juya. Ta ce wa Kafinta ya kawo ƙarfensa ya ɗaga murafen ɗaya bayan ɗaya. Kowanne aka ɗaga, baƙar toka ce a ƙasa tana hayaƙi, haka aka yi ta bi har ƙafar Mai Waya.

Da aka ce a mayar da Direba ɗaki, Gwaggo ta ce ba inda za shi. Hannuwanta duk sun tashi saboda ƙuna, amma ko kallonsu ba ta yi ba. Ta sa aka kwance gadon, aka kai bakin kwata, daidai inda ake hura wutar, aka ɗaura masa zani ya tare rana. Da magariba aka kwantar da shi a zauren Kafinta, gari na wayewa aka dawo da shi.

Mai Waya ya iso da buhunsa a kafaɗa, ya tsaya turus. Gwaggo ta miƙa masa ashana da hannunta mai bandeji.

"Karɓi, ɗan nan. Jiya ka aika masa wutar ta ƙarƙashin ƙasa. Yau ga shi na kawo maka, ka ƙyasta ina kallo."

Ya ce, "Gwaggo, ni ban yi nufin..."

"Karɓi na ce."

Direba ya juyo da kai da ƙyar ya ce ya sha kwana a kan tankin mai bai ƙone ba, in yau ce ranar to a yi sauri, rana na dukansa. Ba wanda ya yi dariya. Mai Waya ya sauke buhun, ya zauna can nesa a kan dutse, ya roƙi Kafinta aron wuƙa.

Matan layi suka fara murna, wata har tana cewa maganinsa ke nan. Gwaggo ta juyo ta watsa musu ido. Ta ce shi ya kawo wutar, amma itacen nasu ne, kuma gadon nan ba zai koma ɗaki ba sai kowacce ta kwashe abin da ta zura a ƙofarta. Ta gyara wa mijinta matashin kai, ta zauna a gefen gadon tana jiran ta ga wadda za ta fara ɗauko shebur.