Wardin Sha'aban

Ranar da hakim, wato likita, ya kara kunnensa a bayan Rumasa'u, ya ɗago ya ce da mijinta ya kai ta Ɗa'ifa ta sha iskar dutse, Idris bai ji komai a ransa ba. Ba tsoro, ba tashin hankali. Ya ce "tayyib", ya kama ta ta miƙe, suka koma ɗakinsu a unguwar Hindawiyya. Daga nan ya saɓa sandarsa da garewaninsa biyu ya nufi wurin ɗiban ruwa, don gidajen da yake yi wa ga-ruwa ba ruwansu da tarin matarsa.

A Makka aka haifi Idris, a Makka aka haifi ubansa. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Zazzau a ƙafa ya zo aikin hajji, bai koma ba. Idris bai gaji gona ba, bai gaji akuya ba, sandar ga-ruwa ya gada. Kafaɗarsa ta yi kanta har ko an soka masa ƙaya ba zai juyo ba. Tun da ɗansu Isa ya rasu gab da yaye, zuciyarsa ma haka ta koma. Yana salla, yana ci, yana kai cefane gida, ba ya faɗa da kowa. Mutanen unguwa suna yabon haƙurinsa, shi kuwa ya san ba haƙuri ba ne, abin ne kawai ba ya shiga.

Maganar Ɗa'ifa kuwa, Rumasa'u ce ta ji daɗinta. Tana yarinya, marigayiya uwarta ta taɓa tafiya da ita aikin lambu a wani kwari a Hada, can kan duwatsu kafin a ƙarasa Ɗa'ifa. Sau ɗaya ta je a rayuwarta, amma ta ba Idris labarin har ya haddace shi.

"Furen wardi ne, Abu Isa, daga ƙafarka har inda idonka ya tsaya," in ji ta. "Ka shafa bango, ƙamshi. Ka sha ruwa, ƙamshi. Har jakunan wurin ƙamshi suke yi, wallahi."

"A wane wata ne?"

"Sha'aban. Can muka yi nisfu Sha'aban, Ummi ta dafa mana shinkafa da madara. Muna saukowa ba da daɗewa ba aka ga watan azumi. Wannan ba zan manta ba."

Sannan ta faɗi abin da su biyun suka sani. Hawan dutsen nan ba wasa ba ne, kuma jikinta sau ɗaya zai iya shi. In ta hau, ta hau ke nan. Saboda haka ba ta son ta ɓata hawanta a kan wofi, tana son ta tarar da wardin a buɗe. Ba ta roƙe shi wani abu ba tun da aka kawo ta gidansa sai wannan. Ya ce to, Sha'aban.

A lokacin ana ƙarshen Shawwal ne, alhazai sun fara cika gari. Hajara, ƙanwar uwar Rumasa'u, mai tuyar ƙosai a bakin hanyar Mansur, ta zo duba ta, ta ji shawarar da aka yanke, ta tafa hannu.

"Sha'aban? Ya waladi, Sha'aban ɗin da muka baro jiya-jiya? Sai shekara ta kusa zagayowa fa! Ka ɗauke ta yanzu ka kai ta."

"Mausim ne, ya khala, lokacin alhazai. Wa zai kai wa mutane ruwa? Kuma ita ce ta ce sai wardi ya buɗe."

"Wardi zai ba ta numfashi?"

Rumasa'u ta yi dariya daga kan tabarma, dariyar ta juye tari. Hajara ta kwashe kwanonta ta fita tana mita.

Hajji ya wuce, zafi ya sauko, irin zafin Makka da ke sa dutse ya yi ta huci har bayan magariba. Masu hali suka fara kulle gidajensu suna haurawa Ɗa'ifa, kamar yadda suke yi kowace shekara. Wani gida da Idris ke kai wa ruwa suka ce ya bi su da matarsa, ga wuri a kan raƙumi, ga ɗaki a bayan lambu. Ya zo ya gaya mata. Ta dubi rufin kwano, gumi na bin wuyanta.

"Yanzu me ke can? Inabi da rumman da hayaniyar mutane. Mu jira namu."

Suka jira nasu.

Abin haushin shi ne, ga tsofaffi nan birjik a inuwar masallacin unguwa, mutanen da suka tsufa da fartanya a hannu a Katsina da Gobir da Damagaram kafin su zo. Kowane ɗayansu zai iya warware wa Idris wannan lissafi da magana ɗaya yana tauna goro. Kullum yana wuce su da ruwa a kafaɗa, yana gaishe su, suna amsawa. Bai tambaya ba, don bai ga abin tambaya ba. Duk abin da ya sani a duniya da wata yake zuwa. A Muharram ake sabunta hayar ɗaki, a Rajab ake tafiya ziyara Madina, Ramadan azumi, Zulhajji mausim, ba wanda ya taɓa saɓa alkawari. Ya san azumi wata shekara yakan faɗo cikin zafi, wata shekara cikin sanyi, amma wannan a wurinsa maganar ƙishirwa ce. Mutumin da bai taɓa binne ƙwayar gero ya jira ta tsiro ba, ina zai kawo wani tunani?

Watanni suka yi ta wucewa, Rumasa'u tana raguwa. Da farko takan share tsakar gida ta zauna ta huta. Daga baya shara ta gagara. Tsumman da take tari a ciki ya fara nuna ja, Idris yakan wanke shi da kansa da ragowar ruwan garwa, ya shanya a bayan ɗaki inda maƙwabta ba za su gani ba. Yana wankewa yana sauraron kansa ko zai ji wani abu ya motsa. Shiru. Sai ya tuna gidan wane bai kai musu ruwan la'asar ba, ya tashi ya tafi. Ita kuwa duk sabon wata sai ta sa ya faɗa mata sunansa, ta lanƙwasa yatsa.

Da watan Sha'aban ya tsaya, ya je wurin Lurwanu, maƙwabcinsu mai jakunan dakon duwatsun gini, ya ari jaka mai sanyin hali. Lurwanu ya dube shi sama da ƙasa.

"Hada? Yanzu? Kowa ya gudo daga sanyi, kai kana hawa?"

"Mara lafiya ce."

"Allah ya ba ta lafiya. Ka tafi da bargo, ba ɗaya ba."

Da ya ɗaga ta zai ɗora a kan jakar, sai ya ji garwa ɗaya cike da ruwa ta fi ta nauyi. Ya lura da haka kamar yadda mutum ke lura da cewa takalminsa ya fara cinyewa. Hajara ta cusa musu ƙunshin gurasa da dabino, ta rungume 'yar 'yar'uwarta ta daɗe ba ta sake ta ba, shi kuwa ko kallonsa ba ta yi ba.

Suka bi ta Arfa, filin fayau ba kowa, suka kwana a gindin dutsen Kara tare da wasu masu alfadarai. Da gari ya waye suka kama hawa. Hanyar siririya ce, tana nannaɗe dutse, wani wurin sai ya sauke ta ya goya ta a baya, jakar na biye. Birai suna zaune a kan duwatsu suna kallonsu. Duk wanda suka gamu da shi saukowa yake yi, a dunƙule cikin mayafi, ya yi musu sallama ya bi su da ido. Tun ana jin iska mai daɗi har ta koma mai cizo. Gajimare ya sauko ya rufe hanya, bargunan suka jiƙe da laima. Rumasa'u tana kakkarwa, leɓunanta sun bushe, amma idonta a buɗe yake tar.

"Wancan karon ba a yi sanyi haka ba," in ji ta.

"Don kina yarinya ne, ba ki ji ba."

"Haka ne. Yaro ba ya jin sanyi."

Da rana ta karkata suka fito kan tudu, ya tambayi wani makiyayi inda lambunan wardi suke, ya nuna masa da sanda. Suka gangara cikin kwarin. Ga katangun duwatsu hawa-hawa, ga rijiya, ga 'yan gidaje a jikin tsauni. A cikin katangun kuwa, layi-layi, ba komai sai guntayen itatuwa masu ƙaya, tsirara, an datse musu kai, ba ganye balle fure. Ƙasa ta yi fari-fari da sanyi. Ƙamshin da ke wurin na taki ne da hayaƙin itace.

Idris ya tsayar da jakar a jikin wata katanga da ke tare iska, ya gyara wa matarsa bargo, ya ce bari ya tambaya. Can cikin layukan wani tsoho yana sunkuye da wuƙa yana datsa. Da ya ɗago, Idris ya ga tsagen Gobir a kumatunsa, sai ya yi masa sallama da Hausa. Tsohon ya saki wuƙa don murna. Sunansa Awwalu, ya daɗe yana yi wa masu lambun aiki, ya ce rabonsa da jin Hausa tun kakar inabi.

"Mi ya kawo ka cikin wanga sanyi, ɗana?"

"Wardi muka zo gani, Baba. Ko an riga an tsinke?"

"An tsinke? Yanzu muke aske shi. Barci yakai."

"Amma ai Sha'aban ne. Matata ta zo nan tana yarinya, a Sha'aban, ta tarar da shi a buɗe."

Tsohon ya dube shi, ya dubi inda jakar take tsaye da ƙunshin barguna a bayanta. Murnar ta bar fuskarsa. Ya rage murya.

"Gaskiya ta faɗi. Lokacin da taz zo, Sha'aban bayan sanyi ya faɗo. Amma wata ja da baya yakai, kowace shekara kaɗan-kaɗan, kai ma ka sani. Icce ko bai san sunan wata ba. Sanyi ya sani, in ya wuce ya buɗe."

"To yaushe?"

"Sai azumi ya wuce, Shawwal ya wuce. Sa'ad da alhazai ka cika Makka. Shekarad da taw wuce ma haka munka yi, ana ta hajji ƙasa, mu muna ta tsinka nan."

Wato daidai lokacin da Hajara ta tsaya a ƙofar ɗakinsu tana cewa ya ɗauke ta ya kai ta, kwarin nan yana cike da fure. Idris ya tsaya da wannan a hannu, yana jiran ya ji zafinsa. Ya ji iska a kunnensa, ya ji yatsun ƙafarsa sun ƙage a cikin takalmi. Daga bakin katanga tarin Rumasa'u ya taso, dogo, mai ruwa-ruwa, ya daɗe bai tsaya ba. Awwalu ya saurara har ya lafa.

"Za ta kai?" ya tambaya a hankali.

"A'a," in ji Idris. Bai taɓa faɗa da baki ba sai yau, kuma maganar ta fito masa sumul, kamar an tambaye shi ko akwai ruwa a garwa.

Tsohon ya goge wuƙarsa a gefen riga. Ya ce yana da ɗaki da murhu, ba mai komawa ƙasa da mara lafiya a wannan yanayi, su zauna iyakar abin da Allah ya nufa. Suka taho tare wurin jakar.

Rumasa'u ta buɗe fuska, ta gaida tsohon da ladabi, sannan ta sake bin kwarin da kallo, daga katanga zuwa katanga, tana girgiza kai.

"Abu Isa, makiyayin nan ya ɓatar da mu. Ba nan ba ne. Wannan ai gonar ƙaya ce. Namu yana gaba, ina jin bayan wancan tsaunin."

Awwalu ya buɗe baki. Idris ya dube shi, tsohon ya mayar da bakinsa ya rufe, ya sunkuya yana gyara igiyar takalminsa.

"Gaba ne," in ji Idris. "Baba ma ya ce gaba ne. Mu kwana nan ki ji ɗumi, da safe mu ƙarasa."

"Na faɗa maka." Ta yi murmushi, ta miƙo hannu ya sauke ta. A nan ne, yana ɗauke da ita zuwa ɗakin, kanta a jingine da kafaɗar nan tasa mai kanta, abin ya shiga. Baƙin ciki ne, tsantsarsa, ya taso masa daga ciki har sai da ya dafa bakin ƙofa. Ita ba ta lura ba, hankalinta na kan tafiyar gobe.

Ya kwantar da ita kusa da murhu, Awwalu ya ƙara itace. Idris ya juya zai fita ya sauke wa jakar kaya, ta kira shi.

"Kada ka kai ta nesa. Da sassafe ake tsinkar wardi, kafin rana ta taɓa shi. In muka makara, sai mu tarar sun kwashe."

Ya fita ya ɗaure jakar a bakin ƙofa, bai ma cire mata akumari ba.