Saura Igiya Ɗaya

"Na sake ki, Balkisa!"

Zailani tela ya faɗe ta da iya ƙarfinsa, yatsa na nuna ƙofa, kamar yadda aka koya masa. Daga nan ya juyo ya dubi na'urar ɗaukar hoto, ya washe baki yana jiran yabo.

"Kupe!" in ji Amadu da Faransanci, wato a tsaya, ya cire hula ya buga a cinya. "Baba Zailani, wa ya ce ka dube ni? Wanda ya kori matarsa dariya yake yi? A sake!"

Amadun nan wata shida kacal ya yi a Faransa, amma ya dawo Yamai da baƙar hula mai kama da faifai, da na'urar da ake wana ta kamar agogo, da burin yin silima wadda mutanen gari za su ga kansu a ciki. Shekara huɗu ke nan da samun mulkin kai, kuma a cewarsa ƙasar da ke da tuta bai kamata ta rasa silima ba. Maza sun yi masa caa, kowa na son fitowa. Mace ce ta gagara, don babu magidancin da zai bar matarsa ta tsaya gaban wani ƙato yana kiranta matarsa. Sai Amadu ya yi dabarar da ya yi kwana uku yana yaba wa kansa a kanta: a nemo miji da mata na gaskiya.

Zailani, mutumin Maraɗi mai rumfar ɗinki a Babbar Kasuwa, ya amsa tun kafin ya shawarci Balkisa. Ita kuwa ta yarda bisa sharaɗi biyu: a yi a tsakar gidanta a unguwar Zongo, a kuma gama kafin la'asar don tana da daka. A labarin, sunanta Zainabu. Miji zai kore ta, ta yi kuka, ta ɗauki ƙunshin kayanta ta fita. Zailani ya kasa riƙe Zainabun nan ko sau ɗaya, Amadu kuwa ya ce ba kome.

Aka goga wa Balkisa albasa a ƙarƙashin ido. Amadu ya wana na'ura, ta fara ƙirrr.

"Na sake ki, Balkisa! Tattara naki ya naki!"

Wannan karon fuska ta yi kyau, murya ta yi kyau. Sai dai kafin Balkisa ta kai hannu ga ƙunshi, ƙarar na'urar ta ja da baya ta mutu. Don ɗoki, Amadu bai wana ta ta cika ba.

"A sake," ya ce cikin jin kunya.

Daga bakin zaure aka yi gyaran murya. Malam Haruna ne, limamin unguwa, wanda ya shigo tun hantsi wai don ya ga ko akwai saɓo a cikin abin, ya kuma samu inuwa ya zauna.

"Biyu," in ji shi.

"Biyu mi, Malam?" Amadu ya tambaya.

"Saki biyu. Ya dubi matarsa, ya kama sunanta, ya furta, ga mu muna ji. Saura igiya ɗaya. In ya ƙara, sai ta auri wani ya sake ta kafin ta sake taka gidan ga."

Amadu ya yi dariya irin ta wanda ya hau jirgin sama. "Haba Malam! Wasa ne fa. Can Faransa mutum yana sakin mace sau goma kafin azahar, su tafi su ci abinci tare."

"Can ne. Nan ba a wasa da wannan kalma. Ko a cikin raha ka faɗe ta, ta zauna."

Zailani ya zauna a kan turmi. Shekara goma sha huɗu suna tare. Mutum ne mai faɗa a kan gishiri da ruwan wanka, amma ko a mafarki bai taɓa kawo rabuwa a ransa ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya dubi Balkisa yana fatan ta ce Malam ya cika tsanani.

Tana goge albasa da bakin zane. "Ni ma ina ƙirgawa," ta ce.

"To, ka mayar da ita yanzu gaban shaidu," in ji Malam Haruna. "Ka ce ka mayar, shi ke nan. Shari'a ba ta ce sai an nemi yardar..."

Balkisa ta ɗago ta dube shi. Malam, wanda ya shekara talatin da aure, ya mayar da hankalinsa kan carbinsa.

"A gama hoton tukuna," ta ce. "Ina tunani."

Amadu dai rana yake kallo. Ta kusa faɗawa bayan katanga, zaren hoton da ya rage kuma na ɗauka ɗaya ne tak. Wani sai an aiko daga Faransa. In babu wannan wuri, babu silima. Ya durƙusa gaban turmi.

"Baba, sau ɗaya kawai."

"Ko za a naɗa ni gwamna ba ni ƙarawa."

"To, kada ka faɗe ta mana! Ka motsa baki kawai, ka faɗi abin da ka ga dama. Ai na'urar ba ta ji. Hoto kaɗai take ɗauka, murya daga baya ake sa ta a ɗaki."

Zailani ya ɗago kai ya dubi na'urar.

"Ba ta ji?" Zailani ya tambaya a hankali.

"Kurma ce, Baba. Na zaci kowa ya sani."

"Wato igiya biyu na tsinka saboda kurma?"

Sai da Malam Haruna ya riƙe masa riga, don taɓarya ya rarumo. Da ƙura ta lafa, Malam ya yanke hukunci: a ɗauka, muddin kalmar ba ta fito daga bakin Zailani ba. Muryar da za a sa daga baya kuwa ta Amadu ce, tunda tuzuru ne, ko sau ɗari ya furta babu wadda za ta fita.

Amadu ya wana na'ura har ta ƙi juyawa. "Ka haɗe rai, ka nuna ƙofa, kada bakinka ya tsaya sai na ce kupe. Inna Balkisa, ga albasa."

"Bar ta," ta ce.

Na'ura ta fara ƙirrr. Zailani ya murtuke fuska, ya miƙa yatsa, ya buɗe baki, sai ya tarar babu kome a kansa. Ya yi niyyar karanto awon riguna, wuya kaza, hannu kaza. Amma ya ga ƙunshin kayan a gefen ƙafarta, ya ga ƙofar da shi da kansa yake nuna mata.

"Balkisa, don Allah kada ki fita ƙofar ga!" ya daka mata tsawa, ido jajir. "Ban san inda ake aje kome ba a gidan ga! Miyarki ba ta taɓa rasa gishiri ba, neman magana nake! Ranar da munka sauka tasha ba mu san kowa ba, ke kika sai da 'yan kunnenki anka sayi keken ɗinki, ban ce miki sannu ba! Sannu! In kika tafi, wallahi ni ba kowa ba ne!"

Balkisa ta tsaya kamar an dasa ta. Hawaye suka zubo mata, na gaske, har suna ɗiga a haɓa. Ta sunkuya ta ɗauki ƙunshin, ta ɗora a ka, ta bi ta zaure ta fita.

"Kupe!" Amadu ya yi tsalle. "Wallahi ko a Faransa sai haka!"

Aka jira ta dawo. Aka leƙa waje. Balkisa ta miƙe abinta har unguwar Gamkalle, gidan gwaggonta da ta biyo su Yamai daga baya, da ƙunshin tsummokaran silima a ka. Sai da Zailani ya yi sawu uku yana biko, da goro da Malam Haruna a gaba, kafin ta dawo ranar Juma'a. Ba ta ce masa kome ba game da abin da ya faɗa, shi ma bai tayar ba. Kafin sati ya zagayo ya koma ƙorafin ruwan wanka.

Bayan wata biyar aka fara nuna silimar a wani zauren taro, da rana, an toshe tagogi da barguna. Ga Zailani a jikin bango, ya fi ƙofa tsawo, yana nuna waje, siririyar muryar Amadu na fita daga bakinsa tana saki tana ƙarawa. Mata suka yi ta Allah wadai. Wata tsohuwa ta jefi bangon da takalmi, aka kuma yi wata guda ana nuna rumfarsa a kasuwa ana cewa ga azzalumin nan.

Balkisa kuwa duk ranar da za a nuna sai ta yi wanka ta je, ta zauna a layin gaba. Matan unguwa suna mamakin mace mai son kallon ranar da aka wulaƙanta ta. Ba su lura ba, da an zo wurin sakin, takan sa yatsu ta toshe kunnuwanta biyu, ta zuba wa bakin Zailani ido.