Mako Shida Kafinta Yana Girki

Ranar da matar Kafinta ta zame a banɗaki ta karya hannun dama, likita ya ɗaure hannun ya ce mako shida ba ita ba aiki. Kafinta ya ce ba komai, shi zai riƙe girkin gidan. Matar ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai da ko shayi sai an zuba maka sukari?"

"Mutumin da ya haɗa kabad mai ƙofa huɗu, tukunya ce za ta gagare shi?"

Ranar farko kam ta gagare shi. Shinkafar ta kama a ƙasa, sama kuwa garas-garas. 'Yan matansu biyu burodi kawai suka ci. Ya koma wurin matar neman bayani, ta ce ruwa daidai, gishiri kaɗan, a bar ta sai ta yi.

"Daidai ɗin nawa ne? Kaɗan ɗin fa?"

"Ido ke gani, Baban yara."

Shi kuwa bai taɓa yanka katako da ido ba. Washegari a hanyar shago ya tsaya wurin mai sayar da littattafai. Mutumin ya fara zaro masa mujallu masu hotunan kek, Kafinta ya ce a'a, shi littafin girki wanda ya ƙunshi komai yake so, tun daga dafa ƙwai. Aka miƙo masa wani mai kauri kamar bulo. Ya buɗe a tsaye: kofi ɗaya na shinkafa, kofi biyu na ruwa, idan ya tafasa a rage wuta, kada a ɗaga murfi sai bayan minti ashirin.

"Yauwa!" in ji shi. "Wannan ya san awo."

Da guntayen katako ya buga wa littafin ɗan abin jingina, ya kafa shi kusa da risho. Fensirin bayan kunnensa ya sami sabon aiki. Kafin kwana goma ya yi wake, ya soya kifi bai farfashe ba, ya gasa kaza. Abin da ya fi burge shi jerin da ke bayan littafin: ka duba abin da ya rage maka a gida, kabeji ne ko dankali, ya nuna maka shafin da za ka je.

Asabar ta uku sai ga yayarsa da mijinta da 'yan uwa uku sun zo dubiya, ba sanarwa. Yaya ta leƙa kicin ta tarar da shi da ludayi a hannu, ido a kan takarda. Ta riƙe haɓa.

"Girki a littafi? Tashi, ƙanena, kada ka ba mu kunya."

"Yaya, yau ke baƙuwa ce. Ki je ki huta."

Ba ta je ba. Da ya fita amsa waya, ta ɗebi gishiri da hannu ta watsa a miyar kifin, ba ta san ya riga ya auna nasa ya zuba ba. Ya dawo ya same ta ta ɗanɗana, fuska a yamutse.

"Ni ce," ta ce a hankali. "Na ɓata maka. A zubar kawai."

Kafinta ya lashi yatsa ya buɗe babin gyaran kuskure, ya karanta a fili: a tsame kifin, a ƙara markaɗen tumatir da ruwa ba gishiri, a yanka dankali a ciki, a matsa lemun tsami a ƙarshe. Ya miƙa mata wuƙa.

"Dankali shida, Yaya. Ƙanana-ƙanana."

Ta fere ba musu. Miyar ta gyaru, ta kuma ninka, har ta ishi mutum tara. Mijin Yaya ya nemi ƙari. Da za su tafi, Yaya ta ɗauki hoton shafin da wayarta, wai maƙwabciyarta za ta nuna wa.

Da aka kwance wa matar hannu, ta shiga kicin ta zauna da littafin a cinya. Ta yi ta juya shafuka, wani wuri ta gyaɗa kai, wani wuri ta yi tsaki.

"Albasa ɗaya a wannan miyar? Marubucin nan marowaci ne. Ba ni fensirinka."

Ta soke ɗaya ta rubuta uku. Kafinta ya ce ya yarda, amma girkin Talata da Asabar nasa ne, ba zai mayar ba. Ita kuwa ta tsaya a wani shafi tana bi da yatsa.

"Shekara goma sha bakwai ina girki ban taɓa yin burodi ba," ta ce. "Akwai yis a gidan nan?"

"Babu. Amma kantin bakin titi a buɗe yake."

"To ɗauko hularka. Ka haɗo da fulawa."